Shagon ƙasan gidanmu na neman lasisin sayar da giya har ƙarfe 2 na dare, ya zan yi?

Jama'a barkanmu da warhaka. Wannan watan saƙonnin da suka fi yawa daga masu karatunmu mazauna Ingila suka zo, kuma kusan duk a kan magana ɗaya suke, wato ƙananan shagunan unguwa da ke sayar da giya cikin dare da yadda ƙaramar hukuma ke ba su izini, shi ya sa na haɗa su wuri ɗaya. Ni dai ba lauya ba ne, in magana ta kai gaban kotu a nemi lauya, amma yadda tsarin yake tafiya ba wani ɓoyayyen abu ba ne.

Tambaya: Salamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya ya aiki ya iyali. Ni ina zaune a Birmingham ne da yarana, haya muke a saman wasu shaguna, to akwai wani ɗan shagon kayan masarufi dab da ƙofarmu inda muke sayen madara da burodi, yanzu ƙarfe 11 yake rufewa amma ko a hakan ma daren Juma'a da Asabar ba ma samun barci saboda samari na tsayawa a bakin ƙofa da gwangwanayensu suna ta surutu, da safe in zan fita da yara sai na tsallake fasassun kwalabe wani lokacin har da fitsari a lungun da muke ajiye keken yara. Shekaranjiya sai na ga wata shuɗiyar takarda manne a gilashin shagon, 'yata ta karanta min wai suna neman a bar su su sayar da giya har ƙarfe 2 na dare. Maigidana ya ce in rabu da su mu baƙi ne ba mai sauraronmu. Don Allah akwai abin da zan iya yi ko dai in haƙura? Daga wata uwa, Birmingham.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, lafiya lau alhamdulillah. Kafin komai ki koma gaban takardar nan yau ɗin nan ki ɗauki hotonta da waya, ki duba can ƙasa akwai ranar da za a rufe karɓar ƙorafi, ita ce abu mafi muhimmanci a duk rubutun. Doka ta ba da kwana 28 cif daga washegarin ranar da aka shigar da takardar neman izini, kuma ba ki san ranar da aka manna ta ba, ke dai shekaranjiya idonki ya kai, ta yiwu rabin lokacin ya riga ya tafi. In ranar ta wuce ko da kwana ɗaya ne to ba za su karɓa ba, ba kuma mugunta ba ce, dokar ce ba ta ba su dama ba.

Ki gaya wa maigida da girmamawa cewa a nan kam bai canka ba. Dokar lasisi ta 2003 wadda ta fara aiki sosai a watan Nuwamba 2005 a Ingila da Wales ita ta ƙwace wannan aikin daga hannun alƙalan majistare ta damƙa wa ƙananan hukumomi, kuma ba ta tambayar fasfo ɗinki ko mai haya ce ke ko mai gida. Da can sai wanda ke zaune a kusa da shagon ne ke da bakin magana, amma tun Afrilu 2012 aka cire wannan sharaɗin, kowa ma zai iya rubutawa, balle ke da kike kwana a samansu. Abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba shi ne, in kwana 28 ɗin suka cika ba wanda ya rubuta komai, ba maƙwabta ba 'yan sanda ba, to dole ne kansul, wato ƙaramar hukuma, ta ba da lasisin yadda aka nema, ko zama ba za a yi ba, ma'aikaci ne kawai zai sa hannu. Wato shirun da maigida yake so ki yi, a wurinsu amincewa ce.

To me za ki rubuta, nan ne ake faɗuwa. Dokar abubuwa huɗu kawai ta yarda a duba, hana aikata laifi da hargitsi, tsaron lafiyar jama'ar da ke wurin, hana damun maƙwabta da hayaniya da ƙazanta da makamantansu, sai kare yara daga cutarwa. Duk maganar da ba ta rataya a jikin ɗaya daga cikin huɗun nan ba ma'aikacin lasisi zai ajiye ta gefe, ko kansiloli ba za su gan ta ba. In kin ce shagunan giya sun yi yawa a layin ba a buƙatar ƙari, za su ce miki buƙata maganar kasuwa ce ba tasu ba, haka yake a rubuce cikin littafin jagora da ma'aikatar cikin gida ke fitarwa. In kin ce darajar gidaje za ta faɗi shi ma ba ya ciki. Kuma littafin nan ya ce a ƙa'ida shago yana iya sayar da giya duk lokacin da yake a buɗe sai in akwai ƙwaƙƙwaran dalili, kin ga ke nan tun farko sikelin ya ɗan karkata wajen mai shago, ke ce za ki kawo dalilin.

Amma ai dalilin yana hannunki, a cikin saƙon nan naki ma kin rubuto shi ba ki sani ba. Abin da ya rage ki sa masa rana da lokaci. Ki sami ɗan littafi ki ajiye kusa da gado, duk daren da aka tashe ki ki rubuta kamar haka, Asabar ƙarfe 11 da minti 20 na dare, maza huɗu a bakin ƙofarmu da gwangwanaye a cikin baƙar leda irin ta shagon, sun yi ta ihu har kusan 12, ƙaramin ɗana ya farka bai koma barci ba. Da safe ki ɗauki hoton kwalaben da lungun kafin ki share. In kin kira 'yan sanda a lambar 101 ki karɓi lambar rahoton ki rubuta ta, in kin kai ƙarar hayaniya sashen kula da muhalli na kansul shi ma haka. Kada ki leƙa ta taga kina ɗaukar bidiyon fuskar masu maye fa, ba sai an kai ga haka ba. Sannan a wasiƙar ki haɗa abin da yake faruwa yanzu da abin da ake nema, ki ce in ana haka alhali ƙarfe 11 ake rufewa, to in aka kai 2 lokacin da mashayu suka tashi mutane suna neman inda za su ƙara, shagon nan ne zai zama matattara. Turancin ba sai ya yi kyau ba, 'yarki ta taimaka miki, imel ma ya isa, adireshin yana jikin shuɗiyar takardar.

Abu ɗaya da ba zan ɓoye miki ba, sunanki da adireshinki za su kai ga mai shagon, domin doka ta ba shi haƙƙin sanin wa ke ƙorafi a kansa, kuma wasiƙar takan shiga cikin takardun zaman da ake sawa a shafin intanet na kansul. In akwai tsoro na gaske na cewa za a yi miki barazana kina iya gaya wa ofishin lasisi su duba yiwuwar ɓoye bayananki, ko ki je wurin kansilan mazaɓarku ki ba shi labari ya rubuta da sunansa, ko ki kai hujjojin ga 'yan sanda da sashen muhalli su su ɗauki maganar.

In wasiƙarki ta karɓu za a kira zama cikin kwanakin aiki 20 bayan rufe ƙorafi. Kada kalmar zama ta ba ki tsoro, ba kotu ba ce, ɗaki ne a sakatariyar kansul da kansiloli uku a bayan tebur, lauyan kansul a gefensu, mai shago ko wakilinsa a can, ke a nan, kowa a ba shi 'yan mintuna daidai wa daida, wasu wuraren ma ta bidiyo ake yi. Ki je in da hali, don kansila ya ga uwar da ke tsallake kwalabe da yara ya fi ya karanta takarda. Kuma ni shawarata kada ki tafi da cewa ko a hana gaba ɗaya ko ba komai, hanawa ɗungurungum ba ta cika faruwa ba, abin da aka fi samu shi ne a rage lokaci ko a ɗora sharuɗɗa. Ki tafi da naki a rubuce, misali a tsaya a 12 maimakon 2, a daina sayar da gwangwani ɗai-ɗai, a daina sayar da giya mai ƙarfin da ya wuce kashi 6.5 (garin Ipswich ne ya fara wannan tsarin a 2012 don maganin masu sha a titi, wurare da yawa suka kwaikwaya), a sa kamara da ke kallon bakin ƙofa, a riƙa share gaban shago kafin a rufe, bayan wani lokaci a kulle ƙofa a riƙa miƙo kaya ta 'yar taga. Duk sharaɗin da ya shiga lasisi ya zama doka a kansa, karya shi laifi ne. Wanda bai gamsu da hukuncin ba, ke ko shi, yana da kwana 21 ya ɗaukaka ƙara kotun majistare, amma can kam ana iya ɗora wa wanda ya faɗi kuɗin shari'a, sai an yi tunani.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni dattijo ne ina cikin kwamitin wani ƙaramin masallaci a arewacin Manchesta. Wani shago da ke fuskantar masallacinmu ya nemi izinin sayar da barasa dare da rana, awa 24. Mun tara sa hannun mutane masu yawa bayan sallar Juma'a, mun rubuta a sama cewa barasa haramun ce kuma rashin mutunci ne a sayar da ita a gaban ɗakin Allah. Wani yaro a cikinmu ya ce wai ba za su karanta ba. Gaskiya ne? Daga wani dattijo, Manchesta.

Amsa: Baba Allah ya ƙara girma, ya saka da alheri a kan wannan ƙoƙari. Sai dai yaron nan ya faɗi gaskiya, ku riƙe shi da kyau. Ba wai raina addini suka yi ba, ko limamin coci ne ya rubuta cewa shan giya zunubi ne amsar da zai samu ke nan, domin kansilolin nan uku ba a ba su ikon yanke hukunci a kan halal da haram ko ɗa'a ba, in ma suka hana a kan wannan dalilin mai shago zai je kotu ya rushe hukuncin cikin sauƙi. Abin da ke ba ni takaici shi ne sau da yawa jama'armu suna da hujja mai ƙarfi a hannu amma sai su rubuta wadda ba ta aiki su bar mai aikin a baki.

Ku tambayi kanku Baba, yaushe mutanenku ke kan titin nan. Lokacin bazara a Manchesta isha'i takan kai wajen 11 na dare, asuba kuma tun wajen 3 ake fitowa, ga tarawihi da tahajjud in azumi ya zo, wato daidai sa'o'in da shagon yake nema su ne sa'o'in da tsofaffi da mata ke tafiya a ƙasa a gabansa. Akwai makarantar yara da yamma? Ƙarfe nawa suke tashi, ta wace hanya suke bi? An taɓa zagin wani ko jifansa da gwangwani, an taɓa samun amai ko kwalba a matakalar masallaci, an taɓa kiran 'yan sanda? Wannan duk ya shiga hana laifi, damun jama'a da kare yara, kuma ba ƙarya za ku yi ba, abin da ya faru kawai za ku faɗa, wanda bai faru ba kada a ƙara ko kalma ɗaya domin lauyan mai shago zai nemi rahoton 'yan sanda na layin, in aka kama ƙari ɗaya sauran gaskiyar ma ta zube. Rubuta ƙarya da gangan a wannan takardar ma laifi ne a ƙarƙashin dokar.

Maganar sa hannu kuma, ba a hana ba, amma takarda ɗaya mai sunaye ɗari sau da yawa ƙorafi ɗaya ake lissafa ta, kuma wasu kansul ɗin suna so dalilin ya fito a saman kowane shafi tare da cikakken adireshin kowa. Wasiƙu goma daga mutum goma kowa da abin da idonsa ya gani sun fi ta nauyi nesa ba kusa ba. Sannan ku sa yaron ya buɗe shafin kansul ya nemo takardar manufofin lasisi, kowace ƙaramar hukuma dole ta fitar da ita aƙalla duk shekara 5, a ciki wasu sukan rubuta lokutan da suka fi so shaguna su tsaya. Ya duba kuma ko layinku yana cikin yankin da aka ayyana cewa wuraren sayar da giya sun riga sun taru sun yi yawa har suna jawo matsala. Tun 2018 wannan tsarin ya shiga doka sosai, ana sabunta shi duk shekara 3, kuma in kuna ciki to lissafi ya juya, mai shago ne zai nuna cewa ba zai ƙara matsala ba. Amma ko a nan ma sai wani ya rubuta ƙorafi tukuna, in ba a rubuta ba lasisi zai fita.

Tambaya: Yaya mu namu ya riga ya wuce, shagon ya samu lasisin har ƙarfe 3 tun bara ba mu ma ga wata takarda ba, yanzu layinmu ya zama kasuwar dare. Shi ke nan mun makara? Daga wata ƙanwarka, gabashin Landan.

Amsa: Ba ku makara ba ƙanwata. Lasisin shago ba ya ƙarewa da kansa, amma kowa yana iya neman a sake duba shi a kowane lokaci kuma kyauta ne, fom ne za ki cike ki aika wa kansul, ki ba mai lasisin kwafi da 'yan sanda da sauran hukumomin da abin ya shafa. Za a sake manna takarda kwana 28, a yi zama, kuma a nan kansiloli suna iya rage lokaci, ƙara sharuɗɗa, cire mutumin da sunansa ke kan lasisi a matsayin mai kula da sayarwa, dakatar da lasisin har wata 3, ko soke shi kwata-kwata.

Sai dai kada ki yi gaggawa. In kika shigar da hujja mara ƙwari aka yi watsi da ita, ba a cika yarda a sake kawo irin wannan ƙorafin cikin wata 12 ba. Fara da neman kwafin lasisin, yana cikin rajistar da kowa ke iya gani, taƙaitaccensa ma dole a manna shi a cikin shagon. Ki karanta sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, abin mamaki sau da yawa za ki tarar an riga an rubuta ba a sayar da gwangwani ɗaya ko dole mutum biyu su kasance a kanti bayan 12, ba a dai bi ne kawai, to wannan ki kai wa jami'in lasisi kai tsaye, sayar da giya saɓanin lasisi laifi ne da ke iya kai mutum kurkuku wata 6 ko tara mara iyaka. Ki kuma duba izinin tsara gari na ginin, shi daban yake da lasisi, in shi ya ce a rufe 11 to lasisin ƙarfe 3 bai goge shi ba. Ki sani kuma ko an soke yau ba gobe za a daina ba, hukuncin ba ya fara aiki sai kwana 21 sun wuce, in ya ɗaukaka ƙara kuma zai ci gaba da sayarwa har kotu ta yanke, abin yakan ɗauki watanni. Batun ba ku ga takarda ba, doka ta ce a manna ta inda mai wucewa zai iya karantawa daga waje kuma a buga a jaridar yankin, amma wa ke karanta jaridar yanki yanzu, wasu kuma sukan manna ta a ƙasa can bayan firij ɗin lemo ko inda ƙofar ƙarfe ke rufe ta da dare. Bayan shekara guda wuya ne a tabbatar da hakan, gara ki sa ƙarfinki a kan abin da ke faruwa yau.

Tambaya: Malam ni ɗalibi ne ina digiri na biyu, na samu aikin dare a wani shago da ke sayar da komai har da giya, oga yakan bar ni ni kaɗai daga 11 zuwa asuba. Wani lokacin yara masu kama da 'yan sakandare su zo, wani lokacin wanda ya riga ya bugu ya zo yana zagi, oga ya ce in dai da kuɗi in sayar. In matsala ta zo wa za a kama, ni ko shi? Kuma zuciyata ba ta kwanta da aikin ba gaskiya. Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ƙanena ku duka biyun, amma kai za a fara kamawa tunda hannunka ne ya miƙa. Sayar wa wanda bai kai 18 ba laifin mai miƙawa ne, ana iya yanka maka tarar fam 90 nan take ko a kai ka kotu, kuma kai da kake kan biza ka san abin da tabon laifi yake jawowa. Kada ka ɗauka ba mai gani, jami'an kula da ciniki na kansul da 'yan sanda suna turo yara da gangan su gwada saye, jami'i na tsaye a bayansu kamar mai duba biskit. Shagon da aka kama sau 2 cikin wata 3 ana iya dakatar da shi. Shi ya sa kake ganin alamar Challenge 25 a jikin kanta, duk wanda a idonka bai kai 25 ba ka nemi katin shaida mai hoto, fasfo ko lasisin tuƙi ko katin shaidar shekaru da ke da tambarin PASS, in babu ka ce a'a ka rubuta a littafin waɗanda aka hana, rana da lokaci, littafin nan shi ne zai tsaya maka ranar da aka zo bincike. Sayar wa wanda ka san ya bugu shi ma laifi ne, tararsa na kaiwa fam 1,000. Oga na iya cewa ka sayar amma ba zai biya maka ba.

Ka duba lasisin da ke manne a bango ka ga ƙarfe nawa aka yarda a sayar, shago na iya zama a buɗe har safe alhali giya ta tsaya tun 12. In kuna da injin kofi ko kuna ɗumama abinci, sayar da abu mai zafi tsakanin 11 na dare da 5 na asuba shi ma sai da izininsa. Sannan ka lissafa awanninka, 11 zuwa asuba dare uku kawai ya isa ya kai ka bakin awa 20 da bizar ɗalibi ta yarda a mako lokacin karatu, kuma tun 2017 jami'an shige da fice suna cikin masu bakin magana a kan lasisin shaguna, sukan shigo tare da jami'an kansul. Barin mutum ɗaya a kanti da tsakar dare da masu maye kuma ni ban ga hikimarsa ba ko da doka ba ta hana ba. Maganar zuciyarka, hukuncin addini ka san shi na san shi, ka zauna da malamin da ka yarda da shi, ni dai abin da zan ce akwai aikin dare a rumbunan kaya da gidajen kula da tsofaffi da shara a ofisoshi, ka fara nema tun yanzu kafin ka ajiye wannan.

Tambaya: Ni dai ina ganin kuɗi kawai kansul ke nema shi ya sa kowa ya nema sai su ba shi. Kuma da nake Glasgow ban taɓa ganin ana sayarwa a shago bayan 10 ba, me ya sa nan ba za a yi haka ba? Daga wani direban tasi.

Amsa: Malam direba a kan kuɗin kam ban yarda da kai ba. Ba kansul ke yanka kuɗin ba, gwamnatin tsakiya ce ta sa shi tun 2005 bisa ƙimar ginin, ƙaramin shago fam 100 ko 190 yake biya na nema, sannan fam 70 ko 180 duk shekara, zama ɗaya da lauya da ma'aikata ya cinye wannan ya nemi ƙari, ƙananan hukumomin ma kuka suke a kan haka. Akwai dai harajin dare da dokar 2011 ta ba su damar ɗorawa a kan masu sayarwa tsakanin 12 da 6 na safe, Newcastle ce ta fara a 2013, aƙalla kashi 70 na kuɗin kuma 'yan sanda ake ba wa, amma ƙananan hukumomi kaɗan ne suka ɗauka. Abin da ke sa kake ganin kowa na samu shi ne yadda aka gina dokar, bayarwa ce asali, hanawa sai da hujja.

Glasgow kuwa dokarsu daban ce. Sikotland tana da tata ta 2005, a can shago ba ya sayar da giyar da za a fita da ita sai daga 10 na safe zuwa 10 na dare, ko babban kanti ne ko ƙarami, kuma su abubuwa biyar suke dubawa, na biyar ɗin shi ne kare lafiyar al'umma, wanda Ingila ba ta da shi duk da cewa tun 2012 ana jin ta bakin jami'an lafiya. Sun kuma sa mafi ƙarancin farashi a kan kowane ma'aunin barasa, fens 50 a 2018, suka ɗaga zuwa 65 a 2024, Wales ta bi su da 50 a 2020. A Ingila iyakar abin da aka hana tun 2014 shi ne sayarwa ƙasa da kuɗin haraji. Kansilan unguwarku ba shi da ikon kawo dokar ƙarfe 10, wannan sai majalisar dokoki ta Westminster, don haka in ita kake so ɗan majalisarku za ka rubuta wa.